Motar da Ba Ta Iya "Da Sauƙi" Ba

Ni ɗan fari ne, kuma a gidanmu na unguwar Birni, a Damagaram, ba a ɗauki kunyar ɗan fari da wasa ba. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin mahaifiyata ba. In tana nemana sai ta ce wa ƙanwata, "Ce da wancan ya zo." In na zo na durƙusa, ita idonta na kan tabarma, ni nawa na bakin ƙofa, magana ta bi ta kan duk wanda ke kusa. Ranar da babu kowa, ko kazar da ke tono a tsakar gida ta wadatar. Sai ka ji Iya ta ce, "Ke kaza, wai mutanen nan sun karya kuwa?" Ni kuma in ce, "Sun karya." Haka muka yi ta yi har na yi furfura, na ajiye aikin koyarwa, jikokina suka fara zuwa lakkol, wato makarantar boko. Abin bai taɓa damuna ba sai da ta kwanta ciwo.

Ciwon ciki ne, irin mai cin mutum a hankali. Abin da nake son sani kullum guda ɗaya ne: maganin da ake ba ta yana aiki, ko kuwa tafiya take yi muna kallo? Ba ni da hanyar sani. In na gaishe ta da jiki, sai ta ce wa bango, "Da sauƙi." In na tare ƙanwata a zaure, ita da ke yi mata wanka tana dama mata kunu, sai ta ce, "Yaya, da sauƙi fa." Likita ma in ya dubi farin gemuna sai ya rufe takarda ya ce a ci gaba da addu'a, da sauƙi. Mu dai ko rai na bakin maƙoshi "da sauƙi" muke cewa, ni ma na sha faɗa wa wasu. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To ni nawa idon ba shi da izinin tsayawa a kanta. Zane kan zane take ɗaurawa, ta ɗora lulluɓi, abin da nake iya sata da wutsiyar ido bai wuce yatsun ƙafarta ba.

Ana haka autanmu, wanda ke fatauci can bakin teku, ya turo mana mota daga Kwatano, don a daina ɗora Iya a kan babur ɗin kabu-kabu ranar zuwa lopital, wato asibiti. Ya ce tunda ni ba ni da aikin fita yanzu, kuma ina da farmi, takardar izinin tuƙi, ni zan riƙa tuƙa ta. Farmi kam ina da shi tun ina saurayi. Amma motar da na koyi tuƙi da ita allura uku gare ta: ta mai, ta zafi, da ta gudu, ta gudun ma ta mutu tun kafin in zo. In wani abu ya dame ta sai ta yi tari ko ta yi hayaƙi, kowa ya gane.

Wannan kuwa ko makullin murzawa ba ta da shi, maɓalli ake dannawa. Ranar farko ina dannawa sai allon da ke gabana ya kama da fitilu, ja da rawaya da kore. Allon nan tablo muke ce masa, suna ɗaya da baƙin allon aji. Ni da na ƙare ƙuruciyata a gaban tablo da alli a hannu, ina buga tebur ina cewa 'ya'yan mutane su buɗe ido su karanta, ga ni zaune gaban wani tablo ko baƙi ɗaya na kasa fitarwa. Akwai rubutu a ciki, amma ba Faransanci ba ne, ba kuma Ingilishin mutanen Najeriya ba. Kalmomi ne dogaye, baƙaƙe sun cunkushe da ƙyar ka ga wasali. Na buɗe aljihun gaba ko zan sami littafin motar. Babu komai sai safar hannu ta ulu ƙwaya ɗaya, ta wanda ya sha sanyi da motar a ƙasarsu.

Sai na koma karatun hoto irin na 'yan aji ɗaya. Akwai buta mai ɗigo a baki, wannan na gane, man inji ne. Akwai mota da macizai biyu na bin ta a baya. Akwai wani abu da na rasa kansa da gindinsa, matata ta leƙo ta ce kazar da aka fige ce. Yawancinsu da mota ta tashi sai su mutu. Amma akwai wata rawaya mai kama da tukunya da muciya tsaye a ciki, ita ba ta mutuwa, tana nan tana kallona daga gida har inda za ni. Kuma ni mutum ne mai saurin fushi da abin da ban gane ba. Na ɗauko motar nan don in rage damuwa ɗaya, sai ga shi ta ƙara mini goma.

Matambayi ba ya ɓata, in ji mutane. Akwai wani Alhaji Bakano mai sayar da yadi a kasuwa, sahu ɗaya muke salla, yana da mota ta zamani. Na kai masa ita bayan azahar. Ya shiga, ya gyara zaman hula, ya daɗe yana duban tablo.

"Malam, ai wannan sensa ce," ya ce, yana nuna tukunyar.

Na tambaye shi macizan fa.

"Su ma sensa ce."

"Kazar fa?"

"Duk sensa ce. Motocin yanzu ai kowace kusurwa da sensarta."

"To Alhaji, mece ce sensar?"

"Ita ce mai jin abu ta faɗa."

"Me wannan ta ji?"

Ya fito daga motar ya kakkaɓe riga. "To, wannan sai wanda ya ƙera ta."

Daga nan na wuce garajin wani tsohon abokina. Benci ɗaya muka zauna a lakkol, shi ya gudu tun muna ƙanana ya kama gyaran mota, ni kuma na shekara da shekaru ina yi masa gori da karatu. Da ya ga na tsaya da motar ina raba ido, sai ya yi dariya har da riƙe ciki, ya kira ni yadda yaran lakkol ke kiran malaminsu da Faransanci.

"Mushe, yau kai ne ɗan aji? Zauna gaba, kar ka yi surutu."

Shi ba sensa yake cewa ba, kaptar yake cewa, kuma shi ya san kaɗan daga ciki. Ya ce tukunyar nan ba tukunya ba ce, taya ce aka yanka aka nuna cikinta, wai iska ta ragu. Ya bi tayoyin huɗu ya ƙara musu iska, ya tsaya ya auna, muka tayar da mota. Tukunya na nan daram. Ya sosa ƙeya da makullin kwance noti mai lamba goma. Ya ce ko kaptar ɗin ne ya mutu, ko kuma yana kewar hanyoyin ƙasarsu, kuma na'urar da ake magana da irin waɗannan motoci ba shi da ita.

"Ni inji kunnena ya sani," ya ce. "Wannan kuwa ba inji ke magana ba. In ta dame ka, manna mata baƙin salatif."

Na yi mako ɗaya ina cewa ni ba zan rufe abin da ban karanta ba. A na biyu na yanko salatif na manna a kai, kuma wallahi na ji sanyi a raina.

Wahalar da ta fi ita ce ta shiga unguwa. Lungunan Birni don mai ƙafa da mai jaki aka yi su. Da na karya kan motar na shiga tsakanin katangu sai ta kama ihu, gaba da baya, dama da hagu, tana ƙara sauri kamar an taka mata wutsiya. Bango ya matso, ihu. Akuya ta gifta, ihu. Tsohuwa ta raɓa da tallan ƙuli, ihu. Ni kuma ban san wanne zan duba ba, sai in taka birki in tsaya cikin rairayi, zufa na zuba, dattawan ƙofar masallaci suna ba ni shawara iri biyar a lokaci ɗaya. Daga baya na haƙura na riƙa ajiye ta a bakin lungu. Wata rana kuma gwiwata ta taɓa wani maɓalli ban sani ba, na ji gindina da bayana na ɗaukar zafi ana tsakiyar rana. Na ɗauka zazzaɓi ne ya kama ni daga ƙasa. Har na fara karanta abin da ya zo bakina. Sai da abokina ya gano wai kujerar ce ke da wuta a ciki, don mutanen ƙasar sanyi. A Damagaram, inda ƙwai zai iya dahuwa a kan rufin mota.

Duk wannan kafin Iya ta shiga motar ne.

Ranar zuwa lopital ƙanwata kan yi sammako ta hau kabu-kabu ta je ta kama mana layi, ni in ɗauko Iya daga baya. Kujerar baya na sa mata jiri, shi ya sa ƙanwata ta yanke cewa gaba za ta zauna, kunya ko ba kunya. Ranar farko ta shiga ta juya fuska ga taga, ta bar mini ƙeya. Muna fara tafiya sai wani sabon kuka ya tashi, ɗin, ɗin, ɗin, a hankali, ba irin ihun lungu ba. Na duba tablo na ga ɗan mutum ja zaune, an ratsa masa igiya a ƙirji. Wannan ko jahili ya karanta. Ni na ɗaura tawa, saura Iya.

Na ce wa sitiyari, "Wai so take a ɗaura igiyar nan ta gefe."

Sai Iya ta ce, "Ke mota, ce da mai tuƙa ki ni ba tunkiya ba ce da za a kai kasuwa."

Magana ta ƙare ke nan. Na rage gudu na tafi kamar mai ɗauke da ƙwai. Kukan ya bi mu har muka hau kwalta, sannan ya gaji ya yi shiru da kansa.

"To, ta gama gaisuwa," in ji Iya. "Yarinya mai ladabi."

Tun daga ranar abin ya zama ƙa'ida. Da motar ta fara ɗin, ɗin, sai Iya ta amsa: "Lafiya lau. Ina gajiya? Yaya mutanen Kwatano?" In an gama gaisuwa sai hira. Ta sami wadda za ta bi ta kanta, kuma wannan ba ta tashi ta bar wuri kamar kaza, ba ta kai gulma kamar mutum. A cikin motar nan na ji abin da ban taɓa ji ba a duk tsawon rayuwata. Ta ba motar labarin Guna, garin da aka haife ta, da gonar mahaifinta, da wata rijiya da aka hana su leƙawa. Ta ba ta labarin ranar da aka kawo ta Birni, yadda ta ga katangu sun rufe mata sama ta yi kwana uku tana kuka. Wata rana muna jiran amalanke ta wuce sai ta ce, "Ke mota, wancan da kike gani da furfura, da aka haife shi bai kai mudu biyu na gero ba. Kowa ya ce ba zai yi rai ba. Ni ce ban yarda ba, amma ban faɗa wa kowa ba, kar a ce ba ni da kunya." Na riƙe sitiyari da hannu biyu. Na ce wa tablo, "Allah Sarki." Na riƙa ɗokin ranar lopital kamar ranar salla, ina jin kunyar ɗokin kuma.

Da bazara ta shigo, zafin da ke sa kare ya ƙi tashi daga gindin randa, sai ta ce, "Ke mota, an ce kina da murhu a kujera. Hura mini." Na danna mata maɓallin. Na ɗauka wasa ne irin nata, har na ba abokina labari muka yi dariya. Ban tsaya na tambayi kaina me ya sa mutum zai ji sanyi a watan nan ba.

Sai wata safiya ta shiga ta zauna, na tayar, muka fara tafiya. Shiru. Na duba tablo, babu ɗan mutum ja. Muka wuce masallaci, muka hau kwalta, shiru. Iya ta gyara lulluɓi.

"Yau ba a gaishe mu ba," ta ce wa taga.

"Ta lalace ne," na ce wa sitiyari. "Kamar sauran."

Ba ta ƙara cewa komai ba har lopital, haka ma da dawowa. Zuwa na gaba ma haka. Babu gaisuwa, babu hira, ƙeyarta kawai da ƙarar tayoyi. Na ji haushin motar nan kamar in fita in bar ta a tsakiyar hanya. Duk surutunta na banza yana nan, ihun lungu bai ragu ba, sai guda ɗayan da nake so ne ya mutu.

Na kai ta garaji na ce wa abokina ya tayar mini da kukan nan.

"Ikon Allah," ya ce. "Kowa zuwa yake in kashe masa shi, kai ka zo in raya maka. Karatu dai ya ɓata ka, Mushe."

Ya shiga kujerar gefe ya ce in ja kaɗan. Ko taku goma ba mu yi ba sai ɗin, ɗin, ɗin, ga ɗan mutum ja ya fito.

"Ga ta nan lafiyarta lau. Me kake so kuma?"

Na ce ai da Iya ba ta yi.

Ya dube ni. Ya fita ya ɗauko batir ɗin mota guda ya ajiye a kujerar, ya ce in ja. Shiru. Ya ɗauko na biyu ya ɗora kusa da na farko, ya ce in sake ja. Kukan ya tashi.

"Akwai kaptar a ƙarƙashin kujerar," ya ce, a hankali yanzu, babu dariya. "Nauyi yake ji. In abu bai kai ba, sai ya ɗauka babu kowa. Don kar ya riƙa kuka saboda jaka ko ƙunshin kaya."

Na zauna ina duban batir biyun nan, baƙaƙe, da maiƙo a jikinsu. Shi ya ɗauko su ɗaya a kowane hannu yana sauke su.

"Ka san kuma ƙafafunta na ƙasa, suna ɗauke wani nauyin," ya ce. "Kuma in mutum ya jingina da ƙofa, ba duka ke sauka a kujera ba. Kayan Nasara ne, ba a rantsuwa da su. Insha Allahu da sauƙi."

Ko da can ma ƙafafunta a ƙasa suke, ko da can ma jingine take da ƙofa, kuma motar tana gaishe ta. Na san wannan, shi ma ya san na sani. Wata da watanni ina bin mutane da tambaya ɗaya kowa na lallashina, sai ga amsar ta fito daga abin da ba a koya masa "da sauƙi" ba. Na so in ji haushin motar, amma zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa, kuma ni na gaji da zama zomo.

Na tarar da ƙanwata a zaure tana wanke kwanon kunu. Ban yi sallama mai kyau ba. Na ce ta faɗa mini gaskiya, kuma in ta ce "da sauƙi" zan fasa kwanon nan. Ta ajiye shi, ta goge hannu da bakin zane.

"Yaya, ita ta hana a faɗa maka. Tun kafin azumi da hannu ɗaya nake juya ta. Cokali uku take sha ta ce ta ƙoshi."

"Likita fa?"

"Likita ya ce maganin na rage zafi ne kawai yanzu. Ya ce ma ba sai an riƙa wahalar da ita ana kawo ta ba, ni in riƙa zuwa in karɓo."

"To me ya sa muke ta zuwa?"

Ta dube ni ido cikin ido, abin da ba ta saba ba. "Ita ta ce a bar ka ka riƙa kai ta."

Na jingina da bangon zaure. Ƙanwata ta ci gaba da cewa Iya na son a mai da ita Guna, gidan ƙaninta, tana son ta ga gonaki kafin ruwa ya sauka, amma tana tsoron in ji in ce sai dai lopital. Na ce a shirya, jibi za mu tafi. Abin da ya rage a hannuna ke nan.

Washegari na yi wani abu da har yau ban san ko wauta ba ce. Na ɗauki rigar matashin kai, na fita ƙofar gida na cika ta da rairayin lungu, na tankaɗe tsakuwa, na ba matata ta ɗinke bakin. Ta tambaye ni na mene ne, na ce na mota ne. Na shimfiɗa shi a kujerar gefe, na daddanna ya kwanta, na rufa masa darduma mai laushi. Ba zan iya ƙara wa Iya ko loma ɗaya ba. Amma na ce aƙalla a tafiyar nan ta ƙarshe motar za ta gaishe ta, ko ta sake ba ta labari in ji.

Ranar tafiya da hantsi ƙanwata ta fito da ita. Da can takowa take yi har bakin lungu tana dafa bango. Ran nan a hannu aka kawo ta, kuma ƙanwata ko nishi ba ta yi ba. Ta zaunar da ita a kan dardumar, ta gyara mata lulluɓi, sannan ta tuna ta bar ƙunshin magani a ɗaki, ta koma ciki. Na ce bari in juya motar kafin ta fito. Na danna maɓalli, na ja a hankali.

Ɗin, ɗin, ɗin.

Na jira "Lafiya lau, ina gajiya." Ba ta zo ba. Ta wutsiyar ido na ga hannun Iya ya fito daga lulluɓi ya sauka a gefen kujera, ya ɗaga bakin darduma, ya matsa matashin sau biyu. 'Yar manomi ce, ba a ɓoye mata ƙasa. Na taka birki. Kukan na ci gaba.

"Kai," ta ce.

Ban taɓa jin ta ce mini haka ba. Na waiga in ga ko wani ne a bakin taga. Babu kowa. Fuskarta na wajena.

"Kai nake wa magana. Ɗauke ƙasar nan daga ƙarƙashina. Lokacinta bai yi ba tukuna, kar ka yi gaggawa."

Na ce bari ƙanwata ta fito ta ɗaga ta.

"Kai za ka ɗaga ni."

Na kashe mota na zagayo. Na sa hannu ɗaya a bayanta, ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyinta, na tattara ƙarfi irin wanda ake tattara wa babban mutum, sai na ji na kusa faɗuwa ta baya. Zannuwan sun fi ta nauyi. Ina jin kowane ƙashin bayanta a tafin hannuna. Na ture matashin da gwiwa ya faɗo cikin rairayin da aka ɗebo shi, na mai da ita kan kujera, kuma a karo na farko na dubi fuskar mahaifiyata sosai, a hasken rana. Idanunta ne kawai ba su rame ba.

"To, ka ji da hannunka," ta ce. "Ba sai mota ta gaya maka ba."

Na buɗe baki, kuma Allah Ya sani abin da ya taho mini shi ne in ce da sauƙi. Na haɗiye shi. Na durƙusa a bakin ƙofar motar ina kuka da furfurata, dattawan masallaci suka kau da kai.

Muka kama hanyar Guna, ƙanwata a baya, Iya a gaba. Motar ba ta ce komai ba. Iya ce ta yi ta magana, da murya ƙasa-ƙasa, tana hutawa tana ci gaba, kuma ba da mota take yi ba. Ta ce in hura mata murhun kujera. Ta nuna mini inda ake sauka a sha ruwa in an taho Birni a ƙasa. Ta ce in rage fushi, tun ina goye haka nake. Ta tambaye ni mene ne na manne da baƙin abu a gaban motar, na ce wata fitila ce da na kasa kashewa. Ta ce, "Kai ma ashe ka iya."

Ba ta dawo Birni ba. Ruwan farko ya same ta da rai, na biyu bai same ta ba.

Amma ran nan ban san kwana nawa ya rage ba. Na ɗauke ta da hannuna na shigar da ita ɗakin da aka share mata, na bar ƙanwata a wurinta, na juyo ni kaɗai da la'asar. Ina fita daga gari na sa farce na ɓamɓare salatif ɗin, tukunya da muciyarta suka fito. Duk tsawon hanya idona na komawa kan tablo, wurin da ɗan mutum ja kan fito. Wurin duhu ne, babu komai. Da safe tana zaune a gefena tana magana, da la'asar kujerar babu kowa, kuma abu ɗaya tablon ya nuna mini da tafiya da dawowa.